27 ga Agusta: wa ya san abin da ya faru a rana irin ta yau?

Malamin_Gangare:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina shirya wa ɗalibaina gasar kacici-kacici da za mu yi idan an koma hutu. Tun asuba ruwan malka ya hana ni leƙa ko ƙofar gida, sai na zauna haɗa tambayoyi. Da na ɗaga kai na dubi kalanda na ga yau 27 ga Agusta 2025, sai na ajiye biro. A rana irin ta yau a 1985 Janar Ibrahim Babangida ya hamɓarar da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, yau shekara 40 cif. A rana irin ta yau kuma a 1991 aka ƙirƙiro sababbin jihohi 9, ƙasar ta tashi daga jiha 21 ta koma 30. Ni a ganina, in ka cire 1 ga Oktoba, babu ranar da ta kai wannan nauyi a tarihin Najeriya, musamman a wajenmu 'yan Arewa. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja. Wanda kuma ya san wani abin da ya faru a wannan rana, a gida ko a waje, ya taimake ni. Tambaya 20 nake nema, 6 kawai na samu.

Ɗan_Rikkos:
Wa alaikumus salam Malam. Da girmanka, ban yarda ba. Ina ka bar 15 ga Janairu 1966? A daren nan aka kashe Sardauna a Kaduna, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas, aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari da Laftanar Kanar James Pam, ɗan ƙasar Jos ɗin nan tamu. Duk wani juyin mulki da ya biyo baya, har da na 1985, ta ƙofar da aka ɓalle a ranar ya shigo.

Ummu_Hanan:
Malam sa wannan: wace rana ce a mako? Na lissafa, duka biyun Talata ce, ta 1985 da ta 1991.

Malamin_Gangare:
Madalla Ummu_Hanan, tambaya ta 7 ta samu. Ɗan_Rikkos, na ji hujjarka kuma tana da ƙarfi, zan dawo kanta.

Baba_Na_Dilimi:
Malam ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni ranar juyin mulkin 1985 ina da shekara 24, ina koyon ɗinki a wani shago kusa da Masallacin Juma'a. Ana cikin hidimar babbar Sallah ne. Mun yi kwana huɗu ba mu runtsa ba saboda ɗinkin Sallah, to da safen nan ina tsakar gida a nannaɗe cikin bargo, sanyin Jos na damina kun san shi, mata na suyar nama, yara na babbakar kai da ƙafa a bakin rariya. Mahaifinmu yana da wata rediyo mai rigar fata, ba mai taɓa ta sai shi. Ya kunna, sai badujala, ba labarai ba komai. Ya dube mu ya ce, "An yi kuma." Can sai muryar Birgediya Joshua Dogonyaro. Wani maƙwabcinmu da ya yi boko shi ya riƙa fassara mana, mutane sun cika zaure, wasu da tsoka a hannu.

Gaskiya zan faɗa muku, da yawa sun yi murna. Ku yaran yanzu ba ku ga layin madara da sukari da sabulu ba, da soja a tsaye da bulala, wanda ya tsallake layi ya sha tsallen kwaɗo a gaban 'ya'yansa. Ba ku ga canjin kuɗi na Afrilu 1984 ba, da aka ba mutane 'yan kwanaki kawai, aka rufe iyakoki, dattawa suka kwana a bakin banki da kuɗi a buhu. Amma mahaifinmu bai yi murna ba. Ya kashe rediyon ya ce a kawo masa ruwan alwala. Bayan shekara biyu da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya fara cizo, Naira ta faɗi, yadin da muke saya ya ninka kuɗi, sai na gane abin da ya hango.

Sojan_Baka:
Baba gafara dai, ba Abacha ne ya yi sanarwar ba? Ni haka na taso ina ji.

Ɗan_Langtang:
Sojan_Baka ka haɗa biyu ne. Abacha shi ya yi sanarwar 31 ga Disamba 1983 da aka kifar da Shagari, yana Birgediya a lokacin. A 1985 Dogonyaro ne ya fara magana da safe, daga baya Abacha ya fito ya sanar cewa Babangida ne sabon shugaba. Baba ya faɗi daidai. Mu a Langtang ba za mu manta ba, don Dogonyaro namu ne, haka Domkat Bali da Jeremiah Useni da John Shagaya. Shi ya sa ake ce wa garinmu gidan janar-janar. Duka huɗun sun riga mu gidan gaskiya. Malam ga tambaya: wane shugaban soja ne ya fara kiran kansa Shugaban Ƙasa irin na farar hula, maimakon laƙabin da su Gowon da Murtala suka yi amfani da shi? Babangida ne, tun daga wannan juyin mulkin.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Allah sarki. Baba_Na_Dilimi ka tuna min da Innarmu, Allah ya haskaka kabarinta. A shekarar ta sauke farali. Suna Mina labari ya iske su, wai an yi juyin mulki a gida. Ta ce tantinsu ya kaure da salati, kowa tunaninsa ko za a bar jirage su kwaso su. Shi kansa mataimakin Buhari, Janar Tunde Idiagbon, yana can ƙasa mai tsarki a lokacin, ai shi ya sa masu abin suka zaɓi kwanakin. Abin da nake so in ce, har Inna ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa Agusta ba. Ita dai "shekarar da muka je Makka aka cire Buhari". Idan aka tambaye ta shekarun ƙanena sai ta ce yana rarrafe aka yi. Kuma lissafinta bai taɓa kuskure ba.

Ustaz_Bauchi_Road:
Maganar Hajiya abar dubawa ce. A lissafin Hijira abin ya faru ne a Zulhajji 1405. Tunda shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, babbar Sallah tana ja baya kowace shekara, sai ta yi wajen shekara 33 kafin ta zagayo inda ta bari. Shi ya sa a 2017 da 2018 muka sake yin layya a ƙarshen damina kamar yadda su Baba suka yi, bana kuwa a farkon Yuni muka yi. Don haka in ka tambayi dattijo "rana irin ta yau", sai ka fara sanin da wace kalanda yake ƙirga. Malam ka koya wa yara wannan, ya fi haddar kwanan wata amfani.

Malamin_Gangare:
Ustaz na karɓa, zan sa tambayar shekarar Hijira. Yanzu a taimake ni da jihohin 1991. Ni na rubuta Jigawa, Kebbi, Yobe, Taraba, Kogi, Abia, Delta, Enugu, Osun.

Sojan_Baka:
Ka manta Adamawa. Su ma yau suke bikin cika shekara 34. Kenan 10 ne ba 9 ba.

Ummu_Hanan:
Edo ma haka. Kenan 11?

Akawu_Mai_Ritaya:
Ku tsaya in warware muku, duk kuna da gaskiya. Sababbin sunaye 11 ne suka shigo taswira a ranar, amma tsofaffi biyu sun fita. An raba Gongola gida biyu, Adamawa mai hedikwata a Yola da Taraba mai hedikwata a Jalingo, sunan Gongola ya mutu. An raba Bendel, aka sami Edo da Delta, sunan Bendel ya mutu. In ka cire 2 daga 11 saura 9, ka ɗora a kan 21 ka sami 30. Akwai wani tarkon kuma: Anambra ta riƙe sunanta amma ta rasa babban birninta, Enugu ta zama jiha, ita kuma ta koma Awka. Kogi kuwa daga jihohi biyu aka yanko ta, Kwara da Binuwai. Malam in ka sa wannan a zagayen ƙarshe za ka ga yaron da ya iya tunani da wanda ya yi hadda kawai.

Yar_Haɗejia_A_Jos:
Mu wannan ranar a gidanmu ba tambayar gasa ba ce, rayuwarmu ta canza. Babanmu ma'aikacin gwamnati ne a Kano, muna zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, ina aji huɗu a firamare. Da aka yi sanarwa aka ce duk ɗan asalin ɓangaren Jigawa ya tattara ya koma Dutse. Dutse a lokacin ƙaramin gari ne, ba gidajen haya, ba isassun ofisoshi. Ma'aikatarsu ba ta ba su wurin kwana ba, wata uku yana shimfiɗa tabarma a ofis, da safe ya naɗe ya tura ƙarƙashin tebur. Ranar Juma'a ya dawo Kano, Litinin da asuba ya kama hanya. Ina tuna jakarsa, da butar roba ɗaure a jikin hannunta. Kuma ba zan ɓoye ba, mutanen Haɗejia ba su ji daɗi ba, sun daɗe suna fafutukar jiha suna sa ran hedikwata za ta zo musu. Har yau in dattawanmu sun zauna sai an taɓo zancen. Amma da na je Dutse bara na ga jami'ar tarayya da filin jirgin sama da tituna, sai na tuna tabarmar Baba na yi hawaye. Bai ga ko ɗaya ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara.

Ɗan_Fataskum:
Amin. Irin wannan ta faru a Yobe, Fataskum ta fi Damaturu girma da kasuwa nesa ba kusa ba, amma Damaturu aka ba. Malam ga tambaya mai sauƙi: gwamnan farar hula na farko a Yobe? Bukar Abba Ibrahim, Janairu 1992. A Jigawa Ali Sa'ad Birnin Kudu, a Taraba Jolly Nyame.

Injiniya_Bukuru:
Ku bari mu leƙa waje kaɗan, Malam ya ce har da na duniya. Ranar 27 ga Agusta 1896 aka yi yaƙin da ake cewa shi ne mafi gajarta a tarihi, tsakanin Ingila da Zanzibar, bai kai minti 45 ba. Sarkin Zanzibar Hamad bin Thuwaini ya rasu ranar 25 ga wata, Khalid bin Barghash ya hau gado ba da yardar Turawa ba, su Hamud bin Muhammad suke so. Suka ba shi wa'adi zuwa ƙarfe 9 na safe ya sauka, ya ƙi, jiragen ruwansu suka buɗe wa fada wuta. Mutum wajen 500 aka kashe ko aka raunata a ɓangaren Zanzibar, a na Ingila sojan ruwa ɗaya ne ya ji rauni. Khalid ya fake a ofishin jakadancin Jamus. Ni abin ba ya ba ni dariya kamar yadda wasu ke ba da shi. Mutum 500 cikin lokacin da bai kai na dafa shinkafa ba. Bayan shekara 7 irin wannan ƙarfin makamin ya iso Kano da Sakkwato.

Sojan_Baka:
Ai yaƙin Burmi ma 27 ga Agusta 1903 ne, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada.

Akawu_Mai_Ritaya:
A'a ɗana, 27 ga Yuli ne, ka kuskure da wata guda. Kano ta faɗi a Fabrairu, Sakkwato 15 ga Maris, Burmi 27 ga Yuli, duk a 1903. Malam kada ka sa shi.

Sojan_Baka:
Na gode Baba Akawu, na gyara.

Ummu_Hanan:
Ga wani: 27 ga Agusta 1883 dutsen Karakatawa mai aman wuta da ke tsakanin tsibiran Jaba da Sumatara a Indunusiya ya yi bindiga. Fiye da mutum 36,000 suka mutu, yawancinsu igiyar ruwan teku ce ta cinye garuruwansu. An ji ƙarar a tsibirin Rodrigues, nisan kusan kilomita 4,800. In za ka yi wa yara bayani ka ce musu mu ma muna da irin waɗannan duwatsun a wajen Panyam da Kerang a ƙasar Mangu, sai dai namu sun mutu tun zamanin da ba wanda ya sani. In mutum ya bi hanyar zai ga tsaunukan kamar an kifa ƙwarya.

Ɗan_Langtang:
Haile Selassie na Habasha ma a rana irin ta yau ya rasu, 1975, yana tsare a hannun sojojin da suka sauke shi a Satumba 1974. Mutumin da ya karɓi baƙuncin kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a 1963, amma sai a shekarar 2000 aka yi masa jana'iza ta girmamawa. Kun ga nan ma soja ne.

Injiniya_Bukuru:
Ƙari ɗaya. 27 ga Agusta 1859 Edwin Drake ya cim ma ɗanyen mai a rijiyarsa a Titusville, jihar Pensilbaniya ta Amurka, zurfinta mita 21 kacal, akwai rijiyoyin ruwa a ƙasar Hausa da suka fi ta zurfi. Daga nan harkar haƙar mai ta zamani ta kankama. Namu sai 1956 aka same shi a Oloibiri. Na kawo shi ne don mu mutanen Jos mun san abin da ake nufi da gari ya dogara da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Kuza ce ta tara kakanninmu a nan, daga Kano da Bauchi da Barno da kudu. Saboda ita aka ja siririn layin dogo daga Zariya ya iso nan a 1914. Kuma a 1985 ɗin da kuke magana, a watan Oktoba, kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Landan. Dama harkar ta daɗe tana ja da baya, wannan ya ƙarasa ta. Kamfanin da mahaifina yake yi wa aiki ya sallame su ba da daɗewa ba, haƙƙinsa ma bai fito duka ba. A gidanmu in an ce 1985 ba Babangida ake tunawa ba, ranar da Baba ya dawo da hular kwanonsa a hannu ake tunawa. Ramukan da suka bari suna nan cike da ruwa, kowace damina sai mun ja wa yara kunne.

Malamin_Gangare:
Injiniya wannan ya shige ni. Tambayoyi sun kai 17. Bari in koma kan Ɗan_Rikkos. 15 ga Janairu rana ce ta jini da rashi, ba mai musu. Amma abin da ya sa na fifita 27 ga Agusta shi ne har yau a cikin abin da ta haifar muke zaune. Yaron da aka haifa a Birnin Kebbi ko Gashuwa ko Wukari, sunan jihar da ke kan takardar shaidarsa, inda zai nemi gurbin karatu, inda zai nemi aiki, sanatan da zai zaɓa, duk daga jawabin da aka yi a wannan ranar suka fito.

Ɗan_Rikkos:
To Malam in ƙirƙirar jihohi ce ma'auni, 27 ga Mayu 1967 ta riga ta, ranar da Gowon ya rushe jihohin yanki huɗu ya yi 12, aka sami Binuwai-Filato da hedikwata a nan Jos. Ko 3 ga Fabrairu 1976 da Murtala ya yi 19, Filato ta tsaya da ƙafarta, aka kuma yanke shawarar Abuja. Mu 27 ga Agusta me ta ba mu a Filato? Nasarawa ma sai 1 ga Oktoba 1996 Abacha ya cire ta.

Gaskiya_Ɗaci:
Me ta ba mu? A 1991 ɗin ne gwamnatin Babangida ta raba ƙaramar hukumar Jos, aka sami Jos ta Arewa da Jos ta Kudu. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san abin da ya biyo baya, rikicin Afrilu 1994, Satumba 2001, Nuwamba 2008. Wasu sun ɗauki rabon a matsayin adalci, wasu sun ɗauke shi a matsayin ƙwace. Malam in tarihi za ka koyar, wannan ya fi Zanzibar kusa da yaranka.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a yi hattara. A zauren nan akwai Musulmi akwai Kirista, akwai wanda ya rasa ɗan'uwa ta kowane ɓangare. Ban hana magana ba, amma duk wanda ya zagi wata ƙabila ko addini zan goge.

Ɗan_Langtang:
Shugaba ba za a kai can ba da yardar Allah. Ni na yarda da Gaskiya_Ɗaci cewa a koya wa yara, amma ba a gasa ba. Gasa amsa ɗaya take so, a tafa a wuce. Wannan kuwa sai an zauna, malami ya kawo abin da kowane ɓangare yake faɗi. A 2001 maƙwabcinmu Bahaushe ne ya ɓoye ƙanwata kwana uku a ɗakin matarsa. 'Ya'yana sun san wannan labarin kafin su san sunan kowane janar.

Malamin_Gangare:
Haka zan yi, yayana. Ba zai shiga gasa ba, amma zan ware masa darasi guda, kuma zan nemi izinin shugaban makaranta in gayyato dattawa biyu.

Akawu_Mai_Ritaya:
Saura wani tarko kafin ka rufe. Da yawa suna cewa Babangida ya hau 27 ga Agusta ya sauka 27 ga Agusta. Ranar 27 ga Agusta 1993 ita ce wadda ya yi alkawarin miƙa mulki, amma bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, ranar Alhamis 26 ga wata ya miƙa wa Ernest Shonekan. Gwamnatin riƙon ba ta cika wata uku ba, Abacha ya karɓe ranar 17 ga Nuwamba.

Ɗan_Fataskum:
Ni kuwa 27 na sani Baba Akawu, haka aka koya mana.

Akawu_Mai_Ritaya:
Ina bakin aiki a lokacin ɗana, a talabijin ɗin ofis muka kalla. 26 ne.

Ɗan_Rikkos:
Ni dai har yanzu ina kan 15 ga Janairu. Malam in ka shirya gasar zango na biyu ka neme ni, ni zan haɗa maka 20 ɗin.

Baba_Na_Dilimi:
Malam in dattawan da za ka gayyata ba su cika ba, ka sa da ni. Rediyon mahaifinmu tana nan a cikin adaka, rigar fatar ta tsage ta gefe amma in an sa batir tana kamawa. Zan zo da ita yara su gani. Sai dai ka sa darasin da hantsi, ƙafata ba ta son sanyin safe.

Malamin_Gangare:
Baba an gama, ni zan zo in ɗauke ka da kaina. Tambaya 19 yanzu, da ta Baba Akawu. Saura ɗaya, kuma ina so ta zama ta mata ko ta wasanni, don 'yan matan ajina sun yi ƙorafi bara cewa duk tambayoyin sojoji ne. Wa ke da ita?